Ɗaya Cikin Huɗu

Duk wanda ya san Folkert Wiersema a garin Stadskanaal, a tsaye ya san shi. Kofi a tsaye yake shansa, burodi da cuku ma a tsaye. Ko wajen biki aka ba shi kujera, ɗosanawa kawai yake yi, gwiwarsa tana rawa har cokula su riƙa ƙara a kan tebur. Matarsa Hilke ta daɗe da daina yi masa magana a kan wannan. Takan ce ta auri mutumin da kullum yake kan hanyar zuwa wani wuri, kuma har yau bai gaya mata ko ina ne ba.

Aiki kuwa, da wuya a ambaci wanda bai taɓa ba. Ya yi a masana'antar sitacin dankali, ya bari wai warin yana bin sa har gida. Ya yi fenti, ya yi gyaran keke, ya tuƙa motar madara. Daga ƙarshe ya tsaya a kan raba kaya gida-gida da ƙaramar mota, kuma abin da ya tsayar da shi kawai shi ne aikin ba ya barin mutum ya zauna.

To, wannan mutumin da ba shi da gindin zama, shi ne ya rasa abin da zai kiwata a duniya sai dabbar da ta fi kowace dabba sanyin jiki: mesa irin ta Amurka ta Kudu, wadda masu kiwo suke kira bowa. Dabbar da za ta yi gammo a lungu ɗaya ta kwana bakwai ba ta motsa ba. Dabbar da sai ta shekara huɗu kafin ta isa haihuwa, in ta haihu kuma a bar ta ta huta shekara guda. Abin dariya ne in aka duba, amma haka aka yi.

Farkon abin, kaya ya kai wani gida a bayan tsohuwar coci, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Mai gidan, Ubbo Kremer, wanda tun a lokacin kansa ya yi fari fat, ya buɗe ƙofa da mesa rataye a wuya, ya ce, "Riƙe mini wannan in sa hannu." Kafin Folkert ya ce uffan an ɗora masa ita. Ya ji nauyinta, ya ji yadda ta naɗe masa dantse a hankali ta riƙe gam, ba faɗa ba tsoro. Motarsa tana can bakin titi a kunne, shi kuwa yana nan yana jero tambayoyi har kofi ya huce.

Ubbo ne ya koya masa lissafin gado, a kan teburin kicin, da ƙwayoyin sukari farare da jajaye.

"Duba nan, yaro. Kowane ɗa kaso biyu yake zuwa da shi a kan kowace kama, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Ɗauki zabiya. Zabiya ɓoyayya ce. In kaso ɗaya ɗan ya samu, ba abin da za ka gani, zai fito ƙasa-ƙasa kamar kowa, abin yana kwance a cikinsa. Sai ya girma ya haɗu da wata mai ɗauke da shi, sannan a cikin 'ya'yansu ɗaya cikin huɗu zai samu kaso biyu. Wannan ne zai fito maka fari da ruwan ɗorawa, idanu jajur."

"Shekara nawa ke nan?"

"Kafin su girma su haihu? Huɗu, in ka yi sa'a."

"Huɗu! Haba dattijo, ba wata gajeriyar hanya?"

"Akwai mana. Ka koma kiwon zomo."

Bai koma kiwon zomo ba. Ya kwashe kekuna daga ɗakin da ke bayan gidansu, ya jera akwatunan gilashi, ya ja wutar ɗumama wuri. Hilke ta kafa doka ɗaya tak, cewa daskararrun ɓerayen da ake ba macizai ba za su kwana a firiza ɗaya da wakenta ba. Ya sayo wata firizar. Jiran kuwa ya yi shi, amma irin nasa jiran. Ya gina akwatuna, ya rushe, ya sake ginawa. Yakan leƙa ɗakin kafin ya fita aiki, ya biyo da mota tsakar rana ya sake leƙawa, kamar leƙen zai sa su girma da wuri.

Ranar da zabiyoyinsa na farko suka fito, har maƙwabta sai da ya kira. Ya yi ta zagaye ɗakin yana tafa hannu. Bayan 'yan kwanaki Hilke ta same shi a tsaye a kicin yana kallon hoton wata mesa daban.

"Wannan kuma fa?"

"Masu launin toka ne. Ba ja ko ɗigo a jikinsu. In aka haɗa da zabiya..."

"Kai mutumin nan, shekara nawa ka yi kana jiran waɗancan? Ko sati biyu ba ka yi kana kallonsu ba."

"Ai na gan su."

Haka ya yi ta yi kusan shekara ashirin. Ya fitar da masu launin toka, ya fitar da masu hasken jiki waɗanda baƙinsu ya ragu, ya haɗa wannan da wancan. Ba za a ce ba gwani ba ne. Macizansa lafiyayyu ne, ɗakinsa tsaf, kuma a duk lardin ba wanda ya fi shi gane abin da ɗan mesa yake ɗauke da shi. Matsalarsa ɗaya ce. Duk launin da ya zo hannunsa, a ranar yake mutuwa a zuciyarsa, sai ya shiga tambayar sai me kuma.

A cikin wannan neman ne ya samo Griet, wata babbar mace mai kamar da masu kiwo suke kira motli. Maimakon faffaɗan tabo irin na sauran, ita zanen bayanta a haɗe yake kamar tsani, da ƙananan da'irori a jere tun daga wuya, wutsiyar kuma ta yi duhu. Motli ba ya ɓuya irin na zabiya. Kaso ɗaya ya isa a gan shi, don haka in aka haɗa mai shi da mesa ta gama-gari, wajen rabin 'ya'yan za su fito da zanen. Wannan ya yi wa Folkert daidai, tunda ba sai an jira jikoki ba.

Amma akwai doka a kan motli, kuma duk mai kiwo ya san ta. Motli da motli ba a haɗa su. In aka haɗa, ɗaya cikin huɗu zai ɗauki kaso biyu, ya fito ba zane ko kaɗan, baƙi sumul daga kai har wutsiya. Kyau kam ba a magana. Sai dai irin waɗannan ba sa rayuwa. Kansu ƙarami ne, tsokarsu ba ƙwari, kuma abin da masu kiwo suka sha gani shi ne da ƙyar ake samun wanda ya cika shekara biyu.

Folkert ya san dokar sarai. Shi kansa ya sha gaya wa sababbin shiga. Sai da ya je wata kasuwar masu kiwo a tsallaken iyaka, can Jamus, wani ya janyo roba daga ƙarƙashin tebur ya buɗe masa kaɗan. A ciki akwai 'yar mesa baƙa ƙirin tana sheƙi, inda haske ya taɓa ta sai ta ba da wani shuɗi-shuɗi. Kallo ɗaya ya yi mata aka rufe robar. Tun daga nan ya rasa sukuni. A hanyar dawowa sau biyu yana wuce mararrabar da zai juya.

Mai son yin abu ba ya rasa hujja, kuma Folkert ya samo tasa cikin mako guda. Ya kai wa Ubbo ita da zafinta.

"Dattijo, na gano abin. Duk waɗanda suka mutu, iyayensu dangin juna ne. Wa da ƙanwa ake haɗawa, uwa da ɗa. Jinin ne ya gaji. In na samo namiji daga nesa, wanda bai haɗa komai da Griet ba..."

"Zauna."

"Ina sauri ne. Na ce in na samo..."

"Na ji ka. Ba dangantaka ba ce, yaro, kason ne da kansa. Guda ɗaya ado ne, guda biyu cuta ne. Ko daga wata duniyar ka ɗauko namijin, kason dai shi ne."

"Wa ya gwada da baƙon jini?"

"Mutane da yawa, kuma duk sun fi ka haƙuri."

"To ni ban gani da idona ba."

Ubbo ya dube shi ya girgiza kai. "Shekararka hamsin da biyu, amma har yanzu sai ka taɓa murhu kake yarda da zafi."

Folkert ya yi kunnen uwar shegu. Ya ɗauki hutun kwana biyu ya tuƙa mota har Denmark, ya dawo da wani namijin motli da ya sa wa suna Baron. Da sanyi ya shigo ya rage wa ɗakin ɗumi kamar yadda ake yi, ya saka Baron a akwatin Griet.

A watan Yuni Griet ta haihu. Bowa ba ta yin ƙwai, 'ya'yan a raye suke fitowa, kowane a cikin 'yar jakar tantani mai yauƙi. Folkert ya durƙusa yana tsince su. Ga na gama-gari, ga motli, sai ga baƙaƙe uku. Biyu daga ciki ba su kai ga saɓar farko ba suka mutu. Ya ce ai kowace haihuwa ana samun haka, kuma bai bari kowa ya ja maganar ba. Ta ukun ta yi saɓa lafiya, ta fito tana ƙyalli. Da ya miƙa mata ɗan ɓera da dogon hantsaki, ta cafke. Ya sa mata suna Roet, wato kunkunniya.

Abin da ba wanda ya zata shi ne ya faru. Folkert ya so ta. Ba irin son da ya yi wa zabiyoyi da masu toka ba, so na gaske. Mako ya wuce, wata ya wuce, bai tambayi sai me kuma ba. Yakan ɗauko ta ya ɗora a tafin hannu ya kai ta bakin taga don ya ga yadda hasken rana yake gudu a bayanta. Yakan yi mata hira, ya gaya mata wane gida kare ya biyo shi yau, wace mata ta ce kayanta sun lotse. Hilke ma, wadda ba ta cika shiga ɗakin ba, ta fara leƙowa da kofinta a hannu.

Ita ce ta fara faɗin abin. Wata ranar Lahadi ya ɗora mata Roet a hannu, ta ce, "Ba ta riƙe mutum kamar sauran."

"Ladabi ne da ita."

"Folkert, zamewa take yi. Dubi ɗan'uwanta yadda yake matse maka yatsa."

"Wancan ɗan iska ne, kowa ya san shi. Ita mace ce mai natsuwa."

Ya san ba haka ba ne. Yana ɗora ta a sikeli, yana ganin 'yan'uwanta sun ba ta rata. Yana ganin kanta bai cika ba. Amma tana ci, tana saɓa, tana fito da harshe tana shinshina iska, kuma ta cika shekara guda, ta ɗora rabin wata shekarar a kai. Wannan ya ishe shi.

Masu kiwon yankin sukan haɗu a ɗakin baya na wani gidan shan kofi a farkon kowane wata. A haɗuwar Nuwamba Folkert ya zo da hotuna, ya bi kowa da su tebur-tebur. Ya cika baki iya cikawa. Ya ce an yi shekaru ana tsorata mutane da tatsuniya, ga shi baƙon jini ya warware magana. Wasu suka yi ta santi, wasu har suna cewa a ajiye musu in an sake samu. Ubbo kuwa sai da suka fito waje yana kwance makullin kekensa ya tambaye shi.

"Ka sake haɗa su?"

"Griet ta huta shekara guda, ta yi ƙiba. Wata mai zuwa zan saka mata Baron."

"Ka bari ƙaramar ta cika shekara biyu tukuna. Saura wata nawa? Zuwa Yuni ne fa kawai."

"In na jira Yuni lokacin haɗawa ya wuce. Shekara guda cur ta tafi a banza."

"Ta tafi ina? Griet ba inda za ta. Kai ma ba inda za ka, duk da rawar ƙafar nan taka."

"Dattijo, kai dai ba ka son a ce ka yi kuskure."

Ubbo ya hau kekensa da ƙyar, ya ce, "Ina so mana. Ba abin da nake so a ce na yi kuskure a kansa irin wannan."

Wata bakwai kacal aka ce ya jira, mutumin da ya taɓa jiran shekara huɗu. Amma wancan jiran dole ce ta sa shi, wannan kuwa a hannunsa yake, kuma Folkert bai taɓa iya jiran da yake da ikon yankewa ba. Ya yi kwanaki yana kai da kawowa tsakanin akwatunan biyu. Ya ɗauko Baron, ya mayar. Ya sake ɗaukowa. A makon farko na Disamba Hilke ta leƙo ta kira shi cin dakakken dankali da kabeji, ta tarar da macizai biyu a akwati ɗaya, wutsiyoyinsu a sarƙe. Ta dube shi. Ya ce, "Ina zuwa, in wanke hannu."

A watan Maris Roet ta amayar da ɓera. Ya ce sanyi ne ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya toshe ƙofar, ya ƙara ɗumi. Ya jira, ya ba ta ƙaramin ɓera. Ta sake amayarwa. Ya kai ta wajen likitan dabbobi a Groningen, aka duba ciki, aka duba baki, ba tsutsa ba ƙwayar cuta. Likitar ta tambaye shi su wane ne iyayenta. Da ya faɗa, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi irin kallon da ba ya bukatar magana.

Daga nan abin ya yi ta gangarawa. Ta rame har ƙashin bayanta ya fito. In ya juya ta rigingine, sai ta daɗe tana fama kafin ta mirgino. Ya gwada duk abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya canza mata akwati, ya canza shimfiɗa, ya ɗura mata ruwan abinci da sirinji, ya buga waya har ƙasashen da ba ya jin yarensu sosai. A wajen aiki ya fara kai kayan wani gidan wani. Wata safiya a ƙarshen Afrilu ya same ta a miƙe kusa da kwanon ruwa, baƙin nan nata yana nan yana sheƙi kamar ba abin da ya faru. Ya binne ta a gindin bishiyar tuffa da ke bayan ɗakin. Ya yi kuka, kuka sosai, irin wanda Hilke ba ta gani ba tun rasuwar mahaifinsa.

Da mutuwar ce kaɗai, da ya ɗauka. Amma a akwatin da ke ƙasa Griet tana kwance a kan wurin ɗumi, ta karkata gefe guda, bayan cikinta ya kumbura. Ta daina cin abinci tun tuni, alamar ciki ya kama.

Ya je gidan Ubbo. Wannan karon bai zo da hujja ba.

"Akwai abin da za a yi?"

"Game da cikin? Babu."

"Ko wani magani, ko..."

"Babu, Folkert. Abin da ke ciki ya riga ya ɗauki kasonsa tun cikin sanyi." Ubbo bai ce ai na gaya maka ba, ko da yake ya cancanci ya faɗa. Ya tura masa kofi. "In sun fito, hanya biyu ce. Ko ka kai baƙaƙen wajen likita a ranar, ta yi musu allura su tafi ba wahala. Ko ka riƙe su ka yi musu hidima har inda kwanansu ya kai. Akwai ta uku, ka sayar wa wawayen da suka yi maka santi, amma in ka yi wannan kada ka ƙara taka ƙofata."

"Kai wacce za ka yi?"

"Ni ban haɗa su ba."

"Mai yiwuwa ma a samu ɗaya kawai. Ko babu ko ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ai ba dole ba ne..."

"Mai yiwuwa. Kowane ɗa da nasa rabon, lissafin ba ya yi wa kowa alkawari. Amma Griet babba ce, za ta zubo da yawa."

Watannin da suka biyo baya, ba a taɓa ganin Folkert a birkice irin haka ba. Ya fitar da Baron ya kai wa wani mai kiwo a Assen kyauta, da sharaɗin kada ya kusanci motli. Ya yi wa shingen gida fenti, bai gama bushewa ba ya sake wani launin. Ya tone lambun Hilke wai zai gyara, ya bar shi a tone. Waɗanda suka ga hotuna a Nuwamba suka yi ta bugo waya suna tambaya ko baƙaƙen sun iso, shi kuwa yana kashe wayar. Wata rana zai ce da Hilke allurar ita ce tausayi, ya gama yanke shawara. Washegari zai ce wane ne shi da zai kashe abin da yake numfashi lafiya. Jibi ya koma kan ta farko. Hilke ta ce, "Ka zaɓi ɗaya ka bar ni in ci abinci." Ya ce ya zaɓa, allura. Har ya kira likitar ya gaya mata ta sa rai da shi.

Ranar wata Laraba a watan Yuli, yana tsakiyar raba kaya a Musselkanaal, Hilke ta bugo ta ce, "Ta fara." Ya juya motar da sauran kayan mutane a ciki.

Ya tarar an gama. Griet ta koma lungu ta lafe, fatarta ta yi yaushi, akwatin kuwa ya cika da yauƙi da motsi. Wasu sun riga sun fasa tantaninsu suna ɗaga kai, wasu suna ciki a naɗe. Ya durƙusa. Hilke ta tsaya a bakin ƙofa da roba biyu, babba da ƙarama, kamar yadda ya ce ta tanada. Ƙaramar ita ce ta zuwa wajen likita.

Ya fara tsincewa yana gogewa da tsumma mai ɗumi. Na gama-gari, babbar roba. Motli, babbar roba. Motli kuma. Zuciyarsa ta fara ɗan sanyi, har ya soma tunanin ko an yi masa rangwame. Sai ya ɗaga wani kumburin takarda a gefen kwanon ruwa, ya gan su a cure wuri ɗaya.

"Nawa?" in ji Hilke.

Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. "Biyar."

"Da rai?"

"Duka."

Ya saka su a ƙaramar robar ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta fito da nakasa da ido zai gani. Baƙaƙe sumul, jiƙaƙƙu, suna fito da harshe suna leƙen duniya. Ta ƙarshen da ya ɗauko ta ƙi sauka. Ta naɗe masa babban yatsa zagaye biyu ta riƙe.

"Hilke, zo ki ga. Wannan kam tana da ƙarfi. Ji yadda ta matse, ko Roet ba ta taɓa..."

"Folkert."

Kunya ta kama shi, don ya ji muryar da ya yi maganar da ita, kuma ya gane ta. Ya daɗe a durƙushe yana kallon yatsansa. Makullin mota yana aljihunsa, likita tana jira, murfin robar yana hannun Hilke ta miƙo masa. Bai karɓa ba.

"Ba zan iya kai su ba," ya ce.

"Ka ce ka yanke."

"Na ce. Ba zan iya ba. Ni na kawo su, ba su suka ce in kawo su ba. Zan riƙe su. Ranar da kowacce ta fara wahala, ranar zan kai ta, ba zan bari ta kai inda waccan ta kai ba."

"Ka san abin da kake faɗa? Shekara biyu kana ciyar da su, kana binne su ɗaya-ɗaya. Sau biyar, Folkert. Guda ɗaya ta kusa kayar da kai."

"Na sani."

"Kuma ba wanda zai zo ya ce maka wannan karon daban ne. Ni ba zan faɗa ba."

"Kada ki faɗa. In ni na faɗa ma, ki hana ni."

Ta ajiye murfin a kan firiza. Ta buɗe kabad ta fara sauko da ƙananan robobi, ta jera biyar a kan tebur, ta tara ruwan ɗumi a bokiti. Tana wankewa ba ta juyo ba ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka sa musu suna."

"Ba zan sa ba."

Da ta juyo ta ɗauki tsumma, sai ta gan shi ya kai yatsan kusa da fuskarsa, 'yar baƙar tana naɗe a kai, leɓunansa suna motsi a hankali yana kiran ta da wani abu.